Kilomita 10 Na Farko: Yadda Za Ka Shiga Tsere Ka Fita Da Ƙafarka

Ranar da na fara fita gudu, ban kai ƙarshen layinmu ba mai shayi ya ɗago kai daga kan tukunya ya ce, "Alhaji, lafiya? Me ya koro ka?" 'Yan kan benci suka kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba. A Kano babban mutum ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko an yi ihun ɓarawo, ko mota za ta tashi ta bar shi. Ga ni da shekara 43, kilo 94, tumbi ya riga ni shan kwana, ina haki kamar ragon da aka ɗauko daga kara da tsakar rana.

Abin da ya koro ni likita ne. Ya auna jinina ya ga 150 bisa 95, ya cire tabarau ya ce in ban fara motsa jiki ba, ni da ƙwaya mun ƙulla zumuncin har abada. Wata biyar bayan nan na tsaya a cikin taron 'yan tsere a Kaduna da lamba manne a ƙirji, na yi kilomita 10 cikin awa 1 da minti 19. Ba lokacin da za a yi alfahari da shi ba ne, masu cin kyauta a irin wannan tsere suna gamawa a wajen minti 30. Amma na gama, kuma kusan duk kuskuren da sabon shiga ke yi sai da na yi shi a ranar. Shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa wa wanda ke shirin nasa na farko.

Fara da zaɓen tseren da ranarsa, ka biya kuɗin rajista tun jikinka bai shirya ba. Na san kamar an sa keke gaban doki ne, amma ni dai da ban biya ba da na daina a mako na uku. Kuɗin da ya fita daga aljihu yana tada mutum da asuba fiye da ƙararrawar waya. Ka ba kanka mako 12 zuwa 16 in daga zaune za ka taso.

Tseren titi iri-iri ne. Akwai kilomita 5, akwai 10, akwai rabin gudun fanfalaki mai kilomita 21 da ɗan ɗoriya, sai cikakken gudun fanfalaki, wato yada-ƙanin-wani, mai kilomita 42 da mita 195. Na farko ka tsaya a 5 ko 10. A Najeriya manyan da aka fi sani biyu ne: na Legas da aka fara a 2016, wanda ake yi a watan Fabrairu, kuma yana da ɓangaren kilomita 10 na gama-gari, da na Okpekpe a Jihar Edo, shi ma kilomita 10, wanda aka fara a 2013 ake kuma yi a watan Mayu. Okpekpe hawa da gangara ne, ban ba sabon shiga shawarar ya buɗe da shi ba. Ka nemi na kusa da kai wanda titinsa shimfiɗaɗɗe ne, ko da ƙaramin tsere ne da wata ƙungiya ta shirya a Abuja, Kaduna ko Jos. Kwana a gadonka ko kusa da gida ya fi maka sunan gasar amfani.

In ka haura 40, ko kana da hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila, ko ka taɓa jin ƙirjinka ya riƙe yayin hawa bene, ka ga likita kafin ka sayi ko da safa. Wannan ba na wasa ba ne, ba kuma zan tsawaita a kansa ba.

Takalmi

Kuɗin da za ka kashe na gaske a nan yake. Sauran kaya duk kana da su a gida. Tsohuwar jesin ƙwallo ta fi rigar auduga nesa ba kusa ba, domin auduga tana shan gumi ta yi nauyi ta riƙa gurzar fata, ita kuwa jesi bushewa take yi a jiki. Dogon wandon motsa jiki ko wanda ya rufe gwiwa ya wadatar. Ƙanwata da ta biyo sahuna daga baya da dogon wando take fita da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi mara nauyi wanda ba ya kaɗawa, abin da kawai ta ce ba ta yarda a yi arha a kansa ba shi ne rigar mama ta wasanni.

Nawa takalmin a gwanjo na saya, a Ƙofar Wambai, kuma bai ba ni kunya ba. Sai dai gwanjo yana son ido. Kada kyan sama ya ruɗe ka, juya shi ka dubi ƙasa. In ya cinye ta gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ce ta zauna a ciki, za ta karkatar da taka. Danna farin soson tsakiya da babban yatsa. In ya ƙandare kamar katako ko ya yi tamoji-tamoji, ya gama aiki, ko da samansa na sheƙi. Galibin takalman gudu sosonsu yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kai kuwa ba ka san nawa mai shi ya ci ba, sai abin da yatsanka ya gaya maka. Je kasuwar da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar da za ka riƙa gudu da ita, kuma ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da bakin takalmin. Mai kaya zai ce maka, "Zai buɗe, ranka ya daɗe." Ba zai buɗe ba. Farcenka ne zai yi baƙi ya fita.

A kowace majalisa akwai wanda zai tuna maka cewa Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne. Ka tuna masa cewa da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa ya yi, kuma shi ba a kwalta mai ƙusoshi da fasassun kwalabe ya koyi gudu da kilo 94 ba.

Gudun hira

Makon farko na yi abin da kowa ke yi. Na fita na zabga gudu iya ƙarfina kamar zamanin firamare, bayan minti biyu na dafa bango ina ganin taurari, na koma gida na ce wa maiɗakina wannan abu ba na irinmu ba ne. Wanda ya gyara ni wani dattijo ne, tsohon soja, da nake tararwa a Filin Sukuwa kullum da sassafe yana wani ɗan sassarfa da ko kaza ba zai kora ba. Ya kalle ni kwana uku, a na huɗu ya ce, "Yaro, zo ka bi ni, ka ba ni labarin aikinka." Na ce, "Baba, ana gudu ana magana?" Ya ce, "In ba ka iya magana ba, ba gudu kake ba, faɗa kake da jikinka."

Duk abin da na sani game da horo daga wannan maganar ya taso. Ma'aunin saurinka shi ne bakinka. In za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da ka yanke ta don jan numfashi ba, kana daidai. In kalma ɗaya-ɗaya ke fita, sassauta. Za ka ji kunya, domin saurin da zai ba ka damar hira a farko bai fi na mai sauri zuwa masallaci an tada iƙama ba. Yara 'yan makaranta za su wuce ka da tafiya. Ƙyale su. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni kaɗan, amma agara da gwiwa da ƙashin ƙwauri suna ɗaukar watanni, kuma su ne ke kwantar da mai gaggawa. Sauri ya haifi nawa.

Ga yadda na yi. Mako biyun farko tafiya zalla, minti 30, da ɗan sauri har gumi ya tsatso. Daga nan na shiga haɗa gudu da tafiya: minti 1 gudu, minti 1 da rabi tafiya, a maimaita har minti 20. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, kusan haka tsarin mako 9 da hukumar lafiya ta Birtaniya ke koya wa masu tasowa daga kujera yake farawa, kuma Jeff Galloway, Ba'amurken da ya yi tseren mita 10,000 a Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koya wa mutane su gama har gudun fanfalaki da wannan dabara ta gudu da tafiya. Na ambaci sunansa ne saboda masu ganin tafiya a tsakiyar gudu rauni ce. Kowane mako sai in ƙara wa gudun in rage wa tafiyar: minti 2, minti 3, minti 5, minti 8. A mako na takwas na yi minti 25 ban tsaya ba, na tsaya a bakin titi ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Sau uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ni Talata, Alhamis da Asabar nake yi. Na Asabar shi ne dogo, shi nake ƙara wa kamar rabin kilomita zuwa kilomita 1 kowane mako, har ya kai 8. Ba dole ba ne ka cika 10 kafin ranar, ragowar biyun taron jama'a zai ja ka. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, babu mai riƙe da rajista. In ka samu shiga filin wasa mai layin tsere, zagaye ɗaya mita 400 ne, 25 ke ba da kilomita 10, amma kada ka yi duk horonka a can. Tseren a kwalta za a yi shi, ƙafa tana bukatar ta san kwalta. In an ce hanyar tana da hawa, sa matakalar Dutsen Dala ko hawan Goron Dutse a cikin makonka sau ɗaya, da tafiya ma ya isa.

Ciwo kala biyu ne, ka koyi bambance su. Akwai tsamin jiki da ke kama cinyoyi biyu kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, wanda ke sakin mutum in jiki ya ɗumama. Wannan ba komai. Akwai kuma wanda ke zaune wuri ɗaya, za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa in kana gudu ko yana sa ka ɗingishi. Wannan ka tsaya masa kwana uku ko huɗu, in bai tafi ba a duba shi. Kada ka danne shi da maganin kashe zafi ka fita. Irin su ibuprofen da diclofenac in sun haɗu da gumi da ƙarancin ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda, su tramadol kuwa ko sunansu kada ya zo kusa da kai. Zazzaɓi ma haka: in maleriya ta kama ka, babu gudu har sai ka gama magani ƙarfinka ya dawo.

Titi ba naka ba ne kai kaɗai. Bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, don ka ga ɗan adaidaita kafin ya gan ka. Sa riga mai haske. In za ka saurari wani abu, kunne ɗaya kawai. Da duhun asuba ka kula da kwatamin da ba murfi, na taɓa barin fatar ƙwaurina a ɗaya.

Lokacin da ya fi mini shi ne da an sallame sallar asuba, kafin rana ta fito, kafin hayaƙin ababen hawa ya tashi. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40 da rana, wanda ya fita gudu bayan ƙarfe 8 a lokacin neman magana yake. Hunturu kuma yaudararsa daban ce. Iska a bushe take, gumi na ƙafewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da ruwa ba alhali ka zubar. Hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo: duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu. Ko ka dubi fitsarinka, in ya yi ja kamar shayi akwai bashi a kanka. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen layi, haƙura. Wanda kuma ya yi horo a sanyin Arewa zai je tseren Legas, ya sani cewa can akasin haka ne: iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, saurin da ya saba yi a gida zai yi masa nauyi. Da azumi kuwa ni rage wa nake yi sosai, in ɗan taka bayan tarawi. Ba watan fara horo ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Makon ƙarshe na hutu ne. Fita biyu gajeru, minti 20 zuwa 25, sannan kwana biyu kafin tseren ka zauna. Zuciyarka za ta riƙa raya maka cewa ba ka shirya ba, ka ƙara dogo ɗaya. Kada ka biye mata. Abin da ba ka samu a mako 12 ba, ba za ka same shi ranar Alhamis ba, gajiya kawai za ka kwasa ka kai filin.

Na isa Kaduna ranar Juma'a bayan masallaci, na je na karɓi lambata da riga sabuwa fil a leda, mai tambarin tseren. A nan na yi kuskure na farko, don na ce gobe ita zan sa a yi hoto. Na biyu da daddare: abokin da ya sauke ni ya ce ba zai yiwu baƙo daga Kano ya kwana bai ci tsire ba. Na ci, da yaji da albasa, na kora da lemo mai sanyi. Ƙarfe 3 na dare ina hanyar banɗaki.

Doka ɗaya ce a nan: ranar tsere ba a gwada sabon abu. Takalmi, safa, riga, wando, abinci, duk su zama waɗanda ka riga ka yi dogon gudun Asabar da su. Daren ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko taliya ko tuwo da miya mara yaji da yawa, da wuri, kuma kada ka cika ciki wai kana tara ƙarfi. Kilomita 10 ba ta bukatar haka. Kauce wa wake da ɗanyen ganye da nama mai maiƙo. Kafin ka kwanta ka manna lambar a gaban rigar da fil huɗu, ɗaya kowace kusurwa. In akwai wani ɗan abu manne a bayan lambar, na'urar ɗaukar lokacinka ce, kada ka naɗe ta ko ka ɓamɓare. Yanke farce tun kwana biyu kafin nan. Barci ba zai zo sosai ba, kowa haka yake yi, ba zai hana ka komai ba.

Da safe ka ci abu mara nauyi awa biyu kafin a tashi. Ni yanzu koko nake sha rabin kofi da burodi yanka biyu da ayaba ɗaya, ƙosai sai an dawo. Ruwa leda ɗaya, a hankali, ba a ɗaga kai a shanye ba. Shafa basilin a tsakanin cinyoyi, da hammata, da kan nono. Maza suna dariya in an faɗi na ƙarshen. Ni ma na yi dariya, har sai da na ga ɗigo biyu na jini a sabuwar farar rigata a kilomita na 8, da na shiga wanka kuwa ruwa ya taɓa wurin sai da na yi salati da ƙarfi. Isa wurin da awa ɗaya a hannu, domin ana rufe tituna, kuma layin banɗaki ya fi na banki ranar albashi. Ka san inda za ka yi sallar asuba tun jiya. Kuɗin mota kaɗan a aljihu, lambar wayar wani naka a rubuce a bayan lambar ƙirjinka.

Kilomita biyun farko

Duk abin da na faɗa a sama share fage ne. Tseren sabon shiga a nan yake lalacewa.

A gaba za ka ga wasu sirara, ƙafafu kamar sandar rake, suna tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Yawancin na gida daga Filato suke, yaran Pankshin da kewayen Jos da suka tashi a tudun da ya haura mita 1,200, in babbar gasa ce kuma ga 'yan Kenya da Habasha. Don ka san irin mutanen: Agnes Ngetich ta Kenya ta yi kilomita 10 a titi cikin minti 28 da daƙiƙa 46 a Balensiya ta ƙasar Sifaniya a 2024, wato kowace kilomita ƙasa da minti 3. Ba da su kake ba. Koma baya, can wajen masu tumbi da iyaye mata da masu ɗaukar hoto. Ni na kutsa gaba don kada a bar ni, aka busa, taro ya ɗebe ni kamar ambaliya. Kiɗa na tashi, mutane na ihu, ƙafata ba ta ko jin ƙasa. Da wayata ta sanar da kilomita ta farko sai na ji minti 5 da daƙiƙa 20. Ni da ban taɓa yin ƙasa da minti 7 a horo ba. Maimakon in tsorata, daɗi na ji, na ce ashe ƙarfi na ɓoye.

Bashi ne na ci, kuma a kilomita ta 4 aka zo karɓa. Numfashi ya ƙi shiga, wani abu ya soke ni a gefen ciki ƙarƙashin haƙarƙari, cinyoyi suka zama buhun siminti. Na koma tafiya ina riƙe da ƙugu. Waɗanda na wuce da fankama suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wata baiwar Allah da ta kusa haifata, tana tafe tana hira da ƙawarta. Ta dube ni ta ce, "Sannu ɗana, ja numfashi, akwai sauran tafiya."

Abin da ya kamata in yi, wanda kuma nake yi yanzu: kilomita biyun farko ka yi su a hankali fiye da yadda ka saba a horo, da gangan, har ka ji kamar kana ɓata lokaci. Bar kowa ya wuce. In saurinka na Asabar minti 7 da rabi ne a kilomita, fara da 8. Daga ta 3 zuwa ta 7 ka zauna a saurin da ka sani, ka nemi wani mai tafiya irin taka ka bi bayansa. In da tsarin gudu da tafiya ka yi horo, fara shi tun daga farko, kada ka jira sai ka gaji, sai dai ka ɗaga hannu ka koma gefe kafin ka tsaya don kada na baya ya yi karo da kai. In ka kai ta 8 da sauran ƙarfi, to kashe shi yadda ka ga dama. Wuce mutane a ƙarshe ya fi daɗi ƙwarai a kan a wuce ka, na ɗanɗana duka biyun.

In sukar gefen ciki ta zo, sassauta, danna wurin da yatsu, ka riƙa fitar da numfashi mai tsawo ta baki. Tana tafiya cikin 'yan mintuna.

Wajen ruwa kada ka afka wa teburin farko inda kowa ya cunkushe, wuce zuwa na ƙarshe. Koma tafiya, kurɓa uku ko huɗu, sauran ka zuba a kai da wuya. Kada ka sha don kawai ka ga ana rabawa. Ruwan da ya wuce kima yana tsinka gishirin jini, kuma masu tafiya a hankali da ke tsayawa kowane tebur su suka fi faɗawa wannan. Ƙishi ne ma'auni. Amma ka riƙe 'yar gorarka ko leda ɗaya a hannu. A nawa tseren, kafin mu 'yan baya mu isa tebur na kilomita ta 7 ruwa ya ƙare, sai fankon leda a warwatse a kwalta da yaro ɗaya yana ba mu haƙuri. Wani mai shago a bakin hanya ne ya fito da jaka guda ya riƙa miƙa mana, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka masa. Ledojin nan da ke ƙasa kuma santsi gare su, ka dubi inda kake sa ƙafa.

Akwai inda ake tsayawa ba a yi gardama. Ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko ka ji sanyi da tsikar jiki na tashi alhali rana na dukanka, ko ka ga kana tangaɗi, ko tunaninka ya fara rikicewa. Nemi inuwa ka zauna ka kira ma'aikatan lafiya. In wani ka gani a haka, tsaya masa, a jiƙa masa jiki da ruwa. Lambar yabon ba ta kai wannan ba.

Daga kilomita ta 6 na samu kaina. Na koma minti 3 gudu, minti 1 tafiya, na daina duba waya, na riƙa zaɓar abu a gaba, turken lantarki, allon talla, wata bishiyar darbejiya, in ce can kawai zan kai. Da na hango ƙyallen ƙarshe ban san inda ƙarfi ya fito ba. Wata yarinya ta rataya mini lamba a wuya, ƙarfe ne mara nauyi da zare, na riƙe shi kamar an ba ni makullin gida.

In ka tsallaka layin kada ka zube a wurin. Ci gaba da takawa minti biyar zuwa goma, domin tsayawa cak yana tara jini a ƙafafu ya kawo jiri. Sha ruwa a hankali, ci ayaba ko dabino, sauya rigar da ta jiƙe, cikin awa ɗaya ka samu abinci na gaske. Yanzu ƙosan ya halatta, har da tsiren. In ƙafa ta yi bororo kada ka ɓare fatar, wanke ka rufe. Kuma in da hali kada ka tuƙa mota mai nisa a ranar. Ni na shiga ta haya zuwa Kano, kilomita sama da 200 gwiwa a naɗe, da muka iso sai da kwandasta ya kama hannuna na sauko.

Ka ba jikinka kwana uku ko huɗu kafin ka sake gudu, tafiya kaɗan tana taimakawa. Tsamin ba washegari yake kaiwa ƙarshe ba, rana ta biyu ce mai wuyar. Ranar Litinin da asuba na zo zaman tahiya cinyoyina suka ce ba su san zancen ba, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni kafin na miƙe. Da muka fito mai shayi yana hura wuta, ya ga ina jan ƙafa, ya ce, "Alhaji, an ce har Kaduna ka je. Na nawa ka zo?" Na ce masa ban ƙirga ba, amma akwai mutane a bayana. Ya zuba mini shayi, ya ce in zan fita ranar Asabar in ƙwanƙwasa masa, shi ma likita ya yi masa magana.